Ɗaukewar Wuta da Rikicewar Tsarin Fayil a Kwamfuta: Nazari Daga Unguwar Sabo ta Ibadan

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta samo asali ne daga wata asara da na kusa tafkawa a unguwar Sabo ta Ibadan, garin da aikin koyarwa ya kawo ni. Na shafe watanni ina hira da dattawan unguwar a kan kalmomin cinikin goro da na shanu, wani saurayi mai shagon buga takardu yana mayar mini da hirarrakin rubutu. Duk aikin, da muryoyin da rubutun, yana cikin filashi guda. Ran nan da la'asar mai ya ƙare a janareta yana tsakiyar adana aikin yini. Da aka zuba mai aka sake kunna kwamfutar, sai ta ce ba ta gane filashin ba, har ta nemi izinin a share shi a sake masa tsari. Saurayin ya kai hannu zai amsa mata, na ce, “Dakata, ɗana, kada ka taɓa komai.” Ya ce, “Malam, ai kullum haka muke yi.” Tsoro ne ya sa na hana shi, domin a lokacin ban san abin yi ba.

Manufar maƙalar ita ce ta bayyana abin da kan faru a cikin ma'ajiyar kwamfuta idan wuta ta yanke ba shiri, da kuma matakan da ya kamata a bi wajen bincike da gyara. Batun da za a tsaya a kansa shi ne cewa manhajojin gyara da ke cikin kwamfuta an yi su ne don su daidaita mata lissafinta. Ko kayan mai ita sun tsira ko ba su tsira ba, wannan wata magana ce daban, kuma sau da yawa wurin gyaran ne ake ƙarasa abin da wuta ta rage.

1.1 Keɓaɓɓun Kalmomi

Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda aka buga a nan Ibadan a 1990, ya fi mayar da hankali ne ga nazarin harshe da adabi. Saboda haka a wannan fage dole mai rubutu ya ari wasu kalmomin, ya ƙirƙiri wasu. A nan, “fayil” na nufin duk wani abu da aka adana da suna guda, ko rubutu ne ko hoto ko murya. “Ma'ajiya” na nufin faifan da ke cikin kwamfuta ko filashi ko katin waya. “Tsarin fayil” kuwa shi ne lissafin da kwamfuta ke riƙewa na inda kowane fayil yake a cikin ma'ajiya. Sauran kalmomin za a bayyana su a inda suka fito.

2.0 Tsarin Fayil

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar tsarin fayil tana nan cikin tarihin Sabo kanta. An keɓe wa Hausawa wannan unguwa a 1916, kuma kamar yadda Abner Cohen ya nuna a bincikensa da ya fito a 1969, ƙashin bayan kasuwancinta shi ne maigida, wato mai saukar fatake, wanda ke ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillalai, ya tsaya musu a kan bashi. Mu ƙaddara maigida yana da sito mai ɗakuna da yawa, an kuma kawo masa ajiyar huhunan goro. Malaminsa mai riƙe da littafi zai rubuta abu uku. Zai rubuta sunan mai kaya da yawan huhunansa. Zai rubuta ɗakunan da aka zuba kayan, domin ba lalle ne ɗaki guda ya ɗauke su ba. Sannan zai soke waɗannan ɗakuna daga jerin ɗakunan da babu kowa, don kada gobe a zuba kayan wani a kai.

Haka kwamfuta take yi. Ma'ajiya a rarrabe take gida-gida. A tsofaffin faifai kowane ƙaramin gida yana ɗaukar bayit 512, kuma akan haɗa takwas su zama ɗaki guda mai bayit 4,096. Bayit ɗaya kusan harafi ɗaya ne na boko. Ke nan kundin digiri guda zai iya cin ɗaruruwan ɗakuna, a warwatse, wannan a gabas wancan a yamma. Abin da ke haɗa su su zama fayil guda shi ne littafin lissafi. Idan littafin ya ɓaci, kayan suna nan a sito, amma babu mai iya cewa wannan huhu na wane ne.

Tsare-tsaren da aka fi cin karo da su a shagunanmu ba su da yawa. Akwai FAT, wanda kamfanin Microsoft ya fara amfani da shi tun 1977, da ƙanensa FAT32 na 1996 da exFAT na 2006; su ne a kan mafi yawan filashi da katin waya. Akwai NTFS, wanda ya fito a 1993, shi ne na faifan cikin kwamfuta mai Windows. Masu amfani da Linux kuwa sun taso daga ext2 na 1993 zuwa ext3 na 2001, zuwa ext4 na 2008. Sanin wanne ne a kan ma'ajiyar da ta rikice yana da muhimmanci, domin juriyarsu ga ɗaukewar wuta ba ɗaya ba ce.

3.0 Abin da Kan Faru Idan Wuta ta Yanke

3.1 Jinkirin Rubutu

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, idan kwamfuta ta ce ta adana aiki, ba lalle ne ya kai ga ma'ajiya ba tukuna. Rubutu a kan faifai aiki ne mai nawa idan aka kwatanta shi da saurin ƙwaƙwalwar na'urar. Don haka takan tara abin da za ta rubuta a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, ta sauke shi gaba ɗaya idan ta sami sarari. A Linux, alal misali, abin da aka rubuta yana iya zama a can har kimanin daƙiƙa 30 kafin a tilasta saukar da shi. Ita wannan ƙwaƙwalwa kuwa da wuta take rayuwa. Wuta na yankewa, abin da ke cikinta ya tafi, kamar malamin da ya riƙe lissafin safiya a ka yana cewa sai bayan azahar zai rubuta, barci ya kwashe shi. Dalilin da ya sa ake cewa a nemi izinin kwamfuta kafin a zare filashi ke nan: ana ba ta dama ne ta sauke abin da ta riƙe.

3.2 Ire-iren Ɓarnar

Mu koma ga rubutun nan uku na malamin sito. Ba a iya yin su a lokaci guda, sai ɗaya bayan ɗaya. Irin ɓarnar da za a samu ta danganta ga inda alƙalami ya tsaya.

Idan an zuba kaya a ɗakuna, an soke su daga jerin waɗanda babu kowa, amma ba a kai ga rubuta sunan mai kaya ba, an sami kaya marasa mai su. Wannan ita ce ɓarna mafi sauƙi, domin kayan suna nan, suna kawai suka rasa. Idan kuma an rubuta suna amma ba a kai ga rubuta ɗakuna ba, sai mutum ya ga fayil ɗinsa da sunansa daram, ya buɗe ya tarar babu komai a ciki. Masu amfani da ext4 sun yi ta kukan irin wannan a 2009, har sai da aka yi wa tsarin gyara. Ta ukun ita ce mai haɗari: an rubuta suna da ɗakuna, amma ba a soke ɗakunan daga jerin waɗanda babu kowa ba. Kwamfutar za ta tashi lafiya lau, babu wata alama. Sai bayan kwanaki an adana sabon aiki, ta zuba shi a kan tsohon, fayil biyu su riƙa iƙirarin ɗaki guda. A nan lalle ɗayansu ya yi asara, kuma mai kwamfutar ba zai danganta abin da wutar da aka ɗauke makon jiya ba.

Akwai ta huɗu, wadda ita ce ta same ni. A farkon kowace ma'ajiya akwai wani gida da ke bayyana irin tsarin da ke kanta, da girman ɗakunanta, da inda littafin lissafi ya fara. Ana iya kiran sa shafin farko. Idan shi ya ɓaci, kwamfuta ba za ta ma san da wane harshe aka rubuta littafin ba, sai ta ɗauka ma'ajiyar sabuwa ce fil, ta nemi a yi mata tsari. Wannan saƙo yana firgita mutane ƙwarai, alhali kuwa galibi gida ɗaya ne ya ɓaci cikin miliyoyi.

3.3 Kundin Niyya

Masana sun daɗe da gano wannan rauni, maganin da suka samo kuwa mai sauƙin fahimta ne. Kafin malami ya taɓa babban littafi, sai ya rubuta a wata 'yar takarda cewa ga abubuwa uku da yake niyyar yi. Idan ya gama su duka ya soke takardar. In wani abu ya katse shi, wanda ya zo bayansa zai duba takardar, ko dai ya ƙarasa aikin, ko ya warware shi a koma yadda ake. Wannan 'yar takarda ita na kira kundin niyya. NTFS da ext3 da ext4 duk suna da shi, shi ya sa kwamfutar zamani kan tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan ɗaukewar wuta. Waɗanda suka yi aiki da Windows 98 za su tuna shuɗin allon ScanDisk da kan tsare mutum yana bin faifai gida-gida, saboda FAT ba shi da wannan kundi.

Sai dai akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, har yau dangin FAT da ke kan filashi da katin waya ba su da kundin niyya, ga shi kuma a kansu ne ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu suka fi ajiye abin da suka fi ji da shi. Na biyu, a yadda aka saba saita shi, kundin yana kare littafin lissafi ne kawai, ban da kayan da ke cikin ɗakuna. Yana iya tabbatar da cewa lissafi ya daidaita, alhali rabin babin da mutum ya rubuta bai taɓa isa faifai ba.

4.0 Matakan Bincike da Gyara

Mataki na farko shi ne a daina rubuta komai a kan ma'ajiyar da ake zargi. Kada a amsa tayin sake mata tsari, kada a adana sabon abu a kanta, kada kuma a sauke manhajar ceto a cikinta. Dalili shi ne, duk ɗakin da lissafi ya ɗauka babu kowa, nan za a zuba sabon abu, kuma mai yiwuwa a nan kayan da ake nema suke. Yawan kashewa da kunnawa da fatan za ta warware da kanta ma yana cikin abin da ake gudu.

Mataki na biyu shi ne a rarrabe tsakanin ciwon lissafi da ciwon ƙarfe. Faifai mai juyawa yana zagaye 5,400 ko 7,200 a minti, allurar karatu na shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba. Idan aka ji yana ƙwas-ƙwas, ko yana tashi yana mutuwa, ko kwamfuta ta kasa ganin sa sam, to ƙarfen ne ya sami matsala, kuma duk wani gyaran lissafi ƙara masa wahala ne. A kashe shi a nemi gwani. Sau da yawa ma dawowar wutar da ƙarfi fiye da kima ce ke ƙona kaya, ba tafiyarta ba. Faifai na zamani suna riƙe da rahoton lafiyarsu da ake kira SMART, wanda ke nuna yawan gidajen da suka mutu aka sauya su. Duba shi ba ya cin minti biyar.

Mataki na uku shi ne ginshiƙin wannan maƙala: a ɗauki kwafin ma'ajiyar gaba ɗayanta kafin a yi mata gyara. Ba kwafin fayil ɗaya-ɗaya ake nufi ba, domin wannan yana bukatar lafiyayyen lissafi. Ana nufin a kwashe ta gida-gida tun daga na farko har na ƙarshe, da mai kaya da fanko, zuwa wata ma'ajiyar da ta fi ta girma. Manhajar ddrescue, wadda kyauta ce, tana yin wannan, kuma idan ta iske gidan da ya ƙi karantuwa takan tsallake shi ta dawo daga baya. Da zarar an sami wannan kwafi, hankali ya kwanta. Duk gwajin da za a yi sai a yi shi a kan kwafin, in ya ɓaci a sake ɗaukar wani. Na lura masu gyara da yawa suna tsallake wannan mataki saboda yana cin lokaci kuma yana bukatar faifai na biyu. A ganina duk mai gyaran da ba shi da faifan ajiya a shagonsa bai kamata a ba shi amanar kundin digiri ba.

Sai bayan haka ake zuwa ga manhajar gyara. A Windows sunanta chkdsk, a Linux kuwa fsck. Dukkansu ana iya sa su duba kawai su ba da rahoto ba tare da sun canza komai ba: chkdsk ba tare da ƙarin wani harafi ba, fsck kuwa da ƙarin -n. Da wannan ya kamata a fara, a karanta rahoton a san girman ɓarnar. Idan kurakurai kaɗan ne, sai a ba da izinin gyara, wato chkdsk da /f. Ƙarin /r yana sa ta bi kowane gida tana gwada shi, aikin da kan ɗauki sa'o'i, kuma bai dace da faifan da ke da ciwon ƙarfe ba. Game da fsck, ƙa'ida ce kada a yi gyara da ita a kan ma'ajiyar da kwamfuta ke aiki da ita a lokacin, domin daidai yake da mutum biyu su riƙa rubutu a shafi guda. Haka kuma, kada a fara gyara sai an tabbata wutar za ta kai a gama. Gyaran da aka katse a tsakiya ya fi ɓarnar farko muni, kuma a Sabo wannan yana nufin a leƙa tankin janareta tukuna.

Yana da kyau a san irin hukuncin da waɗannan manhajoji ke yankewa. Idan sun iske kaya marasa mai su, chkdsk kan tara su a wata jaka mai suna FOUND.000, ta raɗa musu sunaye irin su FILE0000.CHK, fsck kuwa ta zuba su a jakar lost+found da lambobi a matsayin suna. Mutane da yawa kan share waɗannan jakunkuna suna zaton shara ce, alhali a ciki abin da suke kuka a kai yake. Idan lissafin wani fayil ya yanke a tsakiya, sukan datse fayil ɗin daidai inda lissafin ya tsaya. Idan kuma wani shafi na littafin ya gagare su karantawa, suna iya soke shi ɗungurungum. Bayan haka sai su ba da rahoton cewa an gyara komai, kuma gaskiya suka faɗa, tun da lissafi ya daidaita.

Idan shafin farko ne ya ɓaci, akwai sauƙi, domin masu tsarin sun tanadi na ajiya. FAT32 yana ajiye kwafinsa a gida na 6, NTFS a gidan ƙarshe na ma'ajiya, dangin ext kuwa suna warwatsa kwafi da dama, wanda aka fi sani yana ɗaki na 32768. Manhajar TestDisk ta Christophe Grenier tana iya nemo na ajiyar ta mayar da shi gurbinsa. In duk wannan ya faskara, saura dabara ɗaya, wato a yi watsi da littafin a shiga sito ana shinshina kaya. Kowane irin fayil yana da alamar da yake farawa da ita, kuma PhotoRec, abokiyar TestDisk, da wannan alama take tsinto hotuna da muryoyi da takardu. Sai dai za su dawo ba suna, ba jaka, kuma fayil ɗin da ɗakunansa ke warwatse ba kasafai yake dawowa cikakke ba.

5.0 Abin da Aka Ceto

Filashina yana kan FAT32 ne. Wani ɗalibi mai nazarin kimiyyar kwamfuta ya ɗauki kwafinsa, ya mayar da shafin farko daga na ajiya, sai ga jakunkuna sun bayyana da sunayensu. Muryoyin duk sun tsira. Fayil ɗin da ake adanawa lokacin da injin ya mutu shi ne ya ƙi buɗewa, dalilin kuwa ya cancanci a ambata. Tun daga 2007, takardar Word a dunƙule take kamar ƙunshi, kuma jerin abin da ke cikin ƙunshin a ƙarshensa yake. Idan aka datse wutsiyar, manhajar sai ta ƙi buɗe ko da shafin farko. Rubutu tsantsa wanda ba shi da ado kuwa, ko rabinsa aka samu ana karanta rabin. Tun daga ranar nake ajiye kwafin kowace hira a wannan siga.

Wani abin kuma ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Da muka buɗe wani guntu daga cikin jakar FOUND.000, sai muka ga duk inda ƙ take an sami Æ™, inda ɗ take an sami É da wani dogon layi. Saurayin ya ce shi ke nan, wannan ya lalace. Bai lalace ba. A tsarin UTF-8, wanda akasarin rubutun kwamfuta ke kansa yau, haruffa masu lanƙwasa bayit biyu-biyu suke ci, manhajar da muka buɗe guntun da ita kuwa tana karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Da aka gaya mata tsarin da za ta bi, sai haruffan suka koma daidai. Matsalar ta fi tsanani ga tsofaffin ayyukan da aka buga da keɓaɓɓun zanen haruffa na shekarun 1990, waɗanda suka ari gurbin wasu alamomi suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kai. Irin wannan rubutu ko an ceto shi, sai an san zanen da aka yi amfani da shi kafin a bambance ƙafa da kafa.

Shagon da abin ya faru yanzu yana da 'yar na'urar nan mai batir da ke riƙe wuta na 'yan mintoci, gwargwadon a adana aiki a kashe kwamfuta cikin natsuwa. Batirinta kan gaji bayan 'yan shekaru ba tare da wata alama ba, don haka na shawarci saurayin ya riƙa zare ta daga soket lokaci-lokaci, a sa'ar da babu aikin kowa a buɗe, ya ga ko har yanzu tana riƙewa. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir ba ta bukatar wannan. Hirar da fayil ɗinta ya ƙi buɗewa, wadda na yi da wani tsohon dillalin goro a kan sunayen ire-iren goro da yadda ake ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, sai da muka sake saurarenta muka buga ta daga farko, aikin kwana huɗu. Yanzu tana wuri uku: a kwamfutar ofis, a wani faifai da ke gidana, da kuma kwafin da na aika wa wani abokin aiki a Kano.